Takarda ko Jan Ƙarfe

Motar da na fi daɗewa da ita wata 'yar Kwatano ce mai shan gas, ruwan toka, wadda na saya a hannun wani abokin aikina da aka mayar Legas. Ina zaune a unguwar Magajiya a lokacin, ina aiki a Abuja, cikin jerin mutanen Suleja da ke fita da sassafe su dawo da yamma a gajiye. Motar tana da abin nan da ake kira turbo. Iyakar sanina game da shi, wata 'yar fanka ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska da ƙarfi. Idan na taka totur a kan hawa, sai motar ta yi wani siririn fito, ta ja kamar an ingiza ta daga baya.

Wata safiya a tsakiyar damina, ina gab da Dutsen Zuma, na fito zan wuce wata tirela mai ɗauke da siminti. Na duba madubi na ga wata tankar mai ita ma ta fito ta biyo bayana. Na taka totur. Maimakon fito, sai na ji huci daga ƙarƙashin bonet, irin hucin macijiyar nan kasa idan an taka kusa da ita. Nan take motar ta yi nauyi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Ga tirela a damata, ga katangar da ta raba hanya a haguna, ga tanka ta cika madubi tana danna hon. Na taka totur har ƙasa, motar ba ta ƙara komai ba. Ina jin direban tirelar ne ya ga halin da nake ciki ya rage gudu, na samu na kutsa gabansa na gangara gefen hanya. Tankar ta wuce, iskarta ta girgiza motar. Na daɗe a zaune, hannuna biyu a kan sitiyari.

Ban je aiki ba ranar. Na juya a hankali na nufi Kurmin Sarki, wurin bakanikena. Mutumin kudu ne, Kirista, ya daɗe yana haya a Suleja har 'ya'yansa sun fi shi jin Hausa. Kowa Oga yake ce masa, shi kuma yana ce min Malam. Garejin nasa fili ne kawai a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. A gefe guda akwai rumfar wani dattijo mai walda, ɗan gari, da muke kira Baba.

Oga ya kaɗa ruwan sabulu a roba, ya ce in shiga in riƙa taka totur, shi kuma yana yayyafa ruwan a duk mahaɗar bututun da iska ke bi. Can ya ɗaga min hannu. Na fito na leƙa. A daidai inda bututun ƙarfe ya haɗu da bakin turbon, kumfa ce ke ta tasowa tana fashewa. Ya jira injin ya huce, ya kwance notuna, ya zaro wani baƙin abu, siriri kamar waina mai rami a tsakiya, gefensa guda ya cinye.

"Gaskit ne," in ji shi. "Shi yake zama tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ya hana iska gudu. Naka ya mutu. Iska yana fita waje, injin ba ya samu, shi ya sa hayaƙi."

Ya buga waya ga masu sayar da kayan mota na Suleja, babu. Ya buga Abuja, suka ce irin wannan sai dai a kawo daga Legas, wataƙila mako mai zuwa. Na ce ba damuwa, a bar motar, zan riƙa bin bas. Har na ɗauki jakata zan tafi sai wayata ta yi ƙara. Yayana ne.

Yaya manomi ne. Yana zaune a ƙauyenmu na asali, can bayan Sabon Wuse, inda sai an bar kwalta an bi burji mai nisa. Mahaifiyarmu, Inna, a wurinsa take.

"Inna ce ba lafiya," ya ce. "Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana. Mai kemis ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta asibiti. Ba za ta iya hawa babur ba. Ka zo da motarka."

"Yaya, motar tana gareji."

"To, ka dai san babu direban da zai shigo mana."

Na sani. A shekarun nan ana ɗauke mutane a wannan burjin, a shige da su daji. Direbobin haya iyakarsu bakin kwalta. Manoma ba sa zuwa gona sai a ƙungiya, kafin la'asar kowa ya dawo gida. Na kira wasu abokaina masu mota. Da zarar na faɗi inda zan je, sai murya ta canza, a yi min addu'a, a ba ni uzuri. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne aka tambaya, ban san abin da zan ce ba.

Na koma wurin Oga na gaya masa gobe da safe dole motar nan ta shiga ƙauye ta fito. Ya tambayi wane ƙauye, na faɗa masa. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ni.

"Malam, wannan hanya ba a tsaya."

"Shi ya sa na dawo wurinka."

Baba mai walda ya ji mu, ya kashe wutarsa ya taso. Su biyun suka shiga tattaro duk abin da za a iya yanka gaskit da shi, suka jera a kan bonet ɗin wata matacciyar mota da kaji ke kwana a ciki. Akwai kwalin taliya, akwai yankin tib ɗin taya, akwai jan gam a cikin bututunsa, akwai wata takarda mai kauri, ruwan toka, da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Baba kuma ya kawo wani fallen jan ƙarfe da ya ciro daga tsohon lagireto. Na tsaya ina kallon kayan nan, tarkacen da kan hanya za ka tsallake ba ka duba ba, ina tunanin a cikinsu ne zan zaɓi abin da zai kai ni wurin mahaifiyata ya dawo da mu.

Kwali da tib ba su daɗe ba. Janareton Baba yana aiki, Oga ya yago kwalin ya manna a jikin salansarsa, nan da nan ya yi baƙi ya fara hayaƙi. Ya manna guntun takardar mai kauri, ta yi ja-ja amma ba ta kama ba. Tib kuwa, ya nuna min wani da wani direba ya taɓa sawa a motarsa, baƙin mai ya jiƙa shi ya kumbura ya yi laushi kamar ganda a miya. Wurin da za a sa gaskit ɗin akwai zafi, akwai maiƙo, ga kuma iska tana turawa.

Na nuna gam. Na ce ai na sha ganin ana shafa shi.

"Ana shafawa," in ji Oga. "Amma idan ka ɗaure, zai matse ya fito ta ciki. Idan ya bushe, ƙarami ya ɓalle, iska zai kai shi cikin injin. Wani lokaci ba komai. Wani lokaci..." Ya buɗe tafin hannunsa bai ƙarasa ba.

Saura takarda da jan ƙarfe, kuma a nan suka rabu. Baba ya ce shi bai yarda a sa takarda kusa da wuta ba, ko wace iri ce. Jan ƙarfe idan aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa, yakan yi laushi ya bi fuskar ƙarfe, ba ruwansa da zafi. Ya ce ya sha yi wa manyan motoci a bakin salansa. Oga ya ce gaskiya ne, amma nan ba salansa ba ce. Jan ƙarfe yana son a ɗaure shi tamau kafin ya zauna, ramukan notin kuma a jikin ƙarfe mai laushi suke, ɗaya ma zarensa ya fara cinyewa. Idan aka matsa ya zame, motar ba za ta bar gindin mangwaron nan ba gobe.

"Takardarka kuma fa?" in ji Baba. "Ka taɓa sawa a irin wannan wurin?"

"A irin wannan mota, ban taɓa ba."

"To ni ma ban taɓa ba."

Suka juyo suna kallona. Na so ƙwarai ɗayansu ya daka min tsawa ya ce ga abin da za a yi, in bi. Babu wanda ya yi. Zaɓin ya rage a kaina.

Na ce, "Oga, idan takardar ta fashe a hanya, me zai faru?"

"Zai yi huci kamar na yau. Mota zai tafi, amma a hankali."

"Baba, idan jan ƙarfen ya zauna fa?"

"Idan ya zauna, sai ka sayar da motar yana nan."

"Idan zaren ya zame wurin ɗauri?"

Baba ya sosa gemu. "Sai a nemi mai sake yanka zare. Ba yau ba kuma."

Na ga cewa ɗaya zai iya hana ni tashi gaba ɗaya, ɗaya kuma zai iya yashe ni a inda ba a tsayawa. Na tuna Inna a zaune tana neman numfashi. Rashin tashin ne ba zan iya ɗauka ba. Na ce a sa takarda. Baba bai yi fushi ba. Ya ce to in dai takarda ce, sai fuskar bututun ta miƙe sarai, don ya lura ta ɗan karkace. Ya kawo fasasshen gilashin taga, ya shimfiɗa samfefa a kai, ya nuna min yadda zan riƙa goga bakin bututun ina zagayawa. Ni na yi wannan aikin, a durƙushe, da kayan ofis a jikina, har ƙarfen ya yi haske ko'ina daidai. Na ji daɗin samun abin da hannuna zai yi.

Oga ya ɗora takardar a bakin bututun, ya riƙa bin gefen da ƙaramar guduma a hankali, ƙas, ƙas, ƙas, har ƙarfen ya yanke ta daidai da siffarsa. Ya haɗa, ya ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Da ya zo kan mai raunin nan na kau da kai. Muka fita gwaji a wani ɗan hawa da ke bayan unguwar. Na taka, motar ta yi fito ta ja. Oga bai yi murmushi ba.

"Malam, ban yi maka alkawari ba. Kada ka taka da ƙarfi sai dole. Ni da madam za mu yi maka addu'a."

Da safe matata ta ce za ta bi ni, don ta riƙe Inna. Na ce a'a, yara suna buƙatar ɗayanmu a gida. Ta gane abin da nake nufi. Ta sa matashin kai da zane da gorar ruwa a kujerar baya, ta tsaya a ƙofar gida har na sha kwana.

Ban kunna rediyo ba. Na sauke gilashi ina tuƙi da kunne. Kowace ƙara sai gabana ya faɗi: iskar tirela, ledar da ta maƙale a ƙasan mota, har numfashina. Na wuce Sabon Wuse, masu gasa masara suna hura wuta a bakin hanya, mata suna jera doya. Da na bar kwalta na hau burji sai mutane suka ƙare. Dawa da masara sun yi tsawo a kowane gefe, ciyawa ta rufe bakin hanya, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka sha kwana. Hanyar da na sani tun ina yaro ce, amma ranar kowace inuwa mutum nake ganin ta. Na isa lafiya. Ko ruwa ban tsaya sha ba. Muka ɗauko Inna ni da Yaya, muka zaunar da ita a baya, muka tokare ta da matashi. Ta yi nauyi da kumburi, leɓɓanta sun yi duhu. Yaya ya zauna kusa da ita ya riƙe ta.

Akwai wani rafi a tsakiyar hanyar, ana gangarawa a tsallaka a kan duwatsu, sannan a hau tudu mai tsayi mai laka. A tafiya ban ji shi ba, don gangara ce. A dawowa dole na taka. Motar ta yi fito, ta kama hawa, muna tsakiyar tudun sai na ji fat, kamar an fasa leda. Huci ya biyo baya, wanda ya fi na jiya ƙarfi. Motar ta yi sanyi a ƙarƙashina.

"Innalillahi," in ji Yaya. "Kada ka tsaya. Ko me za ta yi, kada ka tsaya."

Na sa giya ta ɗaya. Muka riƙa hawa kamar ana jan mu da igiya, tayoyi suna sulɓi, baƙin hayaƙi yana tashi sama ya fi dawa tsawo. Duk wanda ke cikin dajin nan zai iya ganin inda muke, zai kuma iya jin mu. A raina ina ta cewa takardar ce, ni na zaɓe ta, Baba ya faɗa min. Muka kai saman tudu da ƙyar. Ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ba ta wuce saurin keke.

Sai na ji ƙarar babura a bayanmu.

Na duba madubi. Guda biyu ne, kowanne da mutum uku a kai, sun naɗe fuska da rawani. Na tsakiya a babur na gaba ya ɗora wani dogon abu a cinya, an nannaɗe shi da buhu. Yaya ya waiwaya sau ɗaya, bai sake ba. Na ji ya fara karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Ni kuwa duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Na ji fitsari ya matse ni. Na yi tunanin 'ya'yana, na yi tunanin Inna ba za ta iya taku goma a daji ba, na yi tunanin abin da ake yi wa wanda ba zai iya tafiya ba.

Babur na gaba ya zo daidai da tagata ya rage gudu. Ban juya ba, amma ina jin idonsa a kuncina. Ya ɗan ja baya ya daidaita da tagar Inna. Ita ba ta san abin da ake ciki ba, ko kuwa ta sani, ban taɓa tambayar ta ba. Ta ɗaga kumburarren hannunta, ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Sannunku da hanya, 'yan samari."

Babu wanda ya amsa. Suka bi mu a haka na wani lokaci da ban san tsawonsa ba. Sannan na gaban ya murɗa totur, na bayan ya bi shi, suka wuce mu, can gaba suka karya suka shiga wata 'yar hanyar ƙafa cikin dawa. Na ci gaba da tuƙi ina jiran in sha kwana in tarar sun tare hanya. Kowace kwana haka na sha ta. Ba mu sake ganin su ba.

"Ka san su?" na tambayi Yaya da muka hango kwalta.

"Babu wanda ban sani ba a yankin nan," ya ce. "Waɗannan ban san su ba."

Har yau ban san ko su wane ne ba. Wataƙila 'yan sa-kai ne daga wani ƙauye, wataƙila mafarauta, wataƙila kuma waɗanda muke tsoro ne suka leƙa suka ga ba mu da amfani.

A Sabon Wuse na tsaya gaban rumfar wani mai faci, cikin mutane da hayaniya. Na fito na buɗe bonet na leƙa wurin da muka yi aiki jiya. Takardar tana nan daram, gefenta a bushe, ko alamar tsagewa babu. Can ƙasa, wani baƙin tiyo na roba ne ya suɓuce daga bakin bututunsa yana reto, ƙarfen da ke ɗaure shi ya yi tsatsa ya karye. Na kira Oga na gaya masa.

"Kana ina? Ka fito kwalta?" Da na ce e, sai na ji ya yi ihu yana gaya wa Baba. Sannan ya dawo kan waya. "Mun toshe wancan, iska ya yi ƙarfi, ya nemi wani wuri mai rauni. Ban duba tiyo ba, Malam. Ka sa a mayar a ɗaure da kyau, zai kawo ka gida."

Mai facin ya tura tiyon ya koma wurinsa, ya ɗaure shi da waya ninki-ninki, ya murɗe da filaya. Na tsaya a jikin motar da makulli a hannu, ban shiga ba. Yaya ya fito ya zuba min ruwan gorar nan a ka, ya ce in yi numfashi, Inna tana jira.

Kafin azahar muna asibiti a Suleja. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru mata a ƙirji, kuma an kawo ta a kan gaɓa. Aka kwantar da ita, aka yi ta ba ta magani har kumburin ya saɓe, ta fara iya kwanciya. Da aka sallame ta gidana na wuce da ita. Ta yi ta mitar hayaniyar gari da ƙarar janareto, tana cewa da ta warke za ta koma. Ba ta koma ba. Ta yi shekaru tare da mu a Magajiya, a nan Allah ya karɓi ranta, a kan gadonta, jikokinta suna kewaye da ita.

Yaya kuwa washegarin da muka kawo ta ya ce zai tafi, masararsa ta kusa nuna. Na roƙe shi ya zauna, ya ce idan ya zauna me iyalinsa za su ci. Na raka shi tasha, na tsaya har motar ta cika ta tashi, na koma asibiti wayata a hannu, ban samu natsuwa ba sai da ya kira ya ce ya shiga gida. Bayan girbin wannan shekarar ya kama ɗakuna biyu a Sabon Wuse ya kwaso matarsa da yara. Gonar dai bai bar ta ba. Har yanzu da safe yake shiga a kan babur tare da sauran manoma, ya fito kafin la'asar.